Ina Aka Tsaya? Kundin Aikin Manhajar Fihirisa

13 Janairu 2025

Aikin ba shi da wuyar bayani. Akwai wata manhaja da ke tattaro rubutun Hausa daga intanet tana zubawa a fayil guda, kowane sakin layi a layinsa, kullum tana ƙarawa a ƙasa. Nawa shi ne in rubuta ta biyu, wadda za ta bi fayil ɗin daga sama har ƙasa, ta ƙirga kalmomi, ta haɗa fihirisa, yadda malamin Hausan da muke aikin tare zai buga kalma ɗaya ya ga duk jimlolin da ta fito a ciki. Da harshen rubuta manhaja na Python nake rubutawa, a kan kwamfuta mai tsarin Linux.

Wuta ce ta sa wannan ɓangaren ya zama aiki mai zaman kansa. Bin fayil ɗin kakaf yana cin sa'o'i, batirin kwamfutar kuwa ba ya jimre haka. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, so nake idan an dawo da ita manhajar ta ɗora daga inda ta tsaya, kada ta maimaita layi, kada kuma ta tsallake ko ɗaya. Maimaitawa tana kumbura ƙidaya, tsallakewa tana ɓatar da jimla, kuma dukansu biyun shiru suke yi. Sai dai wata rana a ga lissafi bai fita ba, ba a san daga ina ba.

Dabarar da ke fara zo wa mutum ita ce ƙirga layuka: a rubuta cewa an gama layi kaza, in an dawo a wuce su. Tana aiki, amma da tsada. Fayil bai san wani abu wai shi layi ba. Jerin bait ne kawai (bait shi ne ƙaramin ma'aunin bayanin da kwamfuta ke ajiyewa), layi kuma shi ne abin da ke tsakanin alamar ƙarshen layi da mai bi mata. Kafin a kai layi na miliyan ɗaya dole a karanta duk waɗanda suka gabace shi ana neman alamun. Abin da ake iya dira a kansa kai tsaye shi ne lambar bait: `seek` ya kai ka wurin, `tell` ya gaya maka inda kake. Don haka abin da zan riƙa ajiyewa lamba ɗaya ce, wato bait nawa ne daga farkon fayil zuwa inda aka tsaya.

16 Janairu

Gwajin farko bai wuce layin farko ba. An buɗe fayil yadda aka saba buɗe rubutu, an sa `for layi in f`, an kira `f.tell()` a ciki, sai Python ya amsa:

```
OSError: telling position disabled by 'next()' call
```

Na je na duba dalili, kuma dalilin yana da ma'ana. Idan aka buɗe fayil a matsayin rubutu, hawa uku ne ke tsakaninka da faifan ajiya: ɗanyen fayil a ƙasa, ma'ajiyar wucin gadi a tsakiya, sai mai mayar da bait haruffa a sama. Na saman ba layi-layi yake ɗebowa ba. Gutsure yake ja mai bait 8192, ya mayar da shi haruffa gaba ɗaya, sannan ya riƙa miƙo maka layuka daga ciki. In ka tambaye shi ina kake, sai ya koma ya lissafa bait nawa ne suka haifar da haruffan da ya riga ya ba ka. Lissafin yana da nauyi, shi ya sa aka kashe shi a cikin `for` don gudu.

Ni dai wannan ƙin amsawar ta fi mini. A Python 2 ana samun amsa, amma amsar inda ma'ajiyar ta kai ce, ba inda layin ya ƙare ba, mutum ya ajiye ta da zuciya ɗaya.

Da `readline()` ana iya kiran `tell()` ba gardama. To amma lambar da yake bayarwa a yanayin rubutu ba alkawari aka yi cewa ƙidayar bait ce ba. Bayanin Python da kansa ya ce lamba ce rufaffiya, amfaninta kawai a mayar wa `seek`. A cikinta an cusa abubuwa biyar: wurin da ke fayil, halin da mai fassarar haruffa yake ciki, bait nawa za a sake ba shi, haruffa nawa za a tsallake, da wata 'yar alama ta ƙarshen fayil. Galibi huɗun ƙarshe sifili ne, sai ta yi kama da ƙidayar bait. Ranar da ba sifili ba ne, sai ka ga lamba ta haura 18,446,744,073,709,551,616, domin kashi na biyu daga bit na 64 yake farawa (bait ɗaya bit takwas ne). Ba a gina fihirisa a kan irin wannan.

Shawarar da na yanke: a buɗe da `"rb"`, a karɓi ɗanyen bait, ƙidaya kuma ni zan yi da kaina.

```
with open(suna, "rb") as f:
    f.seek(matsayi)
    for layi in f:
        rubutu = layi.decode("utf-8")
        sarrafa(rubutu, matsayi)
        matsayi += len(layi)
```

A wannan yanayin `tell()` yana aiki ko a cikin `for`. Na bar shi a matsayin mai shaida: lokaci-lokaci a gwada shi da `matsayi`, in sun saɓa manhajar ta tsaya.

21 Janairu

Yau na zauna da `xxd`, manhajar da ke nuna kowane bait da alama biyu irin su c6, ina kallon bait ɗin da ido, domin a nan rubutunmu ya bambanta da wanda akasarin misalan koyarwa ke amfani da shi.

Ɗauki wannan layin: Ƙanƙara ta ɓata gona. Haruffa da tazara da aya, 21 ne, da alamar ƙarshen layi 22. A fayil kuwa bait 25 ne. Kalmar farko kaɗai ga yadda take:

```
c6 98 61 6e c6 99 61 72 61
```

Harafi bakwai, bait tara. A UTF-8, tsarin mayar da haruffa bait da fayil ɗinmu ke bi, kowane harafi mai ƙugiya bait biyu yake ci: ƙ shi ne c6 99, ɓ shi ne c9 93, ɗ shi ne c9 97, ƴ kuma c6 b4. Duk wanda ya ƙirga tsawon layi bayan an mayar da shi haruffa, ya ɗauki wannan a matsayin wurinsa a fayil, to kowace ƙugiya tana mayar da shi baya da bait ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ke ɓuya. A gwada manhajar da rubutun Ingilishi zalla, komai zai fita daidai. A gwada ta da Hausar da aka buga a waya ba ƙugiya, nan ma daidai. Sai an shiga rubutun da aka yi da kula, irin wanda muka fi buƙata, sannan lissafin ya fara zamewa. Saboda haka fayil ɗin gwajina daga yau cike yake da ƙwaƙwalwa da ɗanɗano da ɓaɓɓaka.

Kalmar 'ya'ya ma ta isa misali. Da miƙaƙƙiyar alamar da ke kan kibod, bait 6 ce. In manhajar rubutu ta lanƙwasa alamar, kowace ɗaya ta koma e2 80 99, kalmar ta zama bait 10. Da alamar da Unicode ya ware a matsayin harafi, ca bc, bait 8 ce. A rubutun Nijar kuwa ƴaƴa ce, harafi huɗu, bait 6. Duk huɗun suna cikin fayil ɗinmu, kuma a ido uku daga ciki kusan abu ɗaya ne.

Na dira da gangan tsakanin c6 da 99 don in ga abin da zai faru:

```
UnicodeDecodeError: 'utf-8' codec can't decode byte 0x99 in position 0: invalid start byte
```

Wannan kyakkyawan gini ne, kuma ya cancanci yabo. Ken Thompson da Rob Pike, da suka tsara UTF-8 a 1992, sun sa duk bait ɗin da ke ci gaban harafi ya faɗa tsakanin 80 da bf, farkon harafi kuma ba ya taɓa faɗawa nan. Ko'ina ka dira, kana iya gane ko a tsakiyar harafi kake. Haka kuma bait 0a na ƙarshen layi ba ya taɓa fitowa a cikin cikin wani harafi. Wannan ne ya halatta mini yanka layuka tun suna ɗanye, kafin a fassara su. A UTF-16, wani tsarin na daban, ba haka ba ne: ƙarshen layi bait biyu ne, a tsarin Windows 0a 00, in ka yanka a 0a sai sifilin ya maƙale a goshin layi na gaba. Na sa manhajar ta duba bait biyun farko, in ta ga ff fe ko fe ff, alamar UTF-16, ta ƙi fayil ɗin har sai an juya shi.

29 Janairu

Ina son ganin ci gaban aiki daga wata taga ba tare da taɓa manhajar ba. Linux yana nuna wannan a `/proc`, cikin `fdinfo` na kowace manhaja mai gudana, a layin da ya fara da `pos`. Lambar da ke can ba ta yi daidai da tawa ba, kuma bai kamata ta yi ba. Bayan karanta layin ƙanƙara shi kaɗai, `matsayi` 25 ne, `tell()` 25, amma Linux ya ce 4096. Linux ya san guga nawa aka ja daga rijiya, bai san kofi nawa aka sha ba. Python ya ja bait 4096 ya ajiye, ya ba ni 25 daga ciki. Don kallon ci gaba lambar Linux ta wadatar. Don ɗorawa bayan yankewa kuwa haɗari ce, domin duk abin da ke ma'ajiya ba a sarrafa ba zai salwanta.

Daga nan na lura cewa ita ma lambar tawa tana da irin wannan giɓin, sai dai ta ɗaya gefen. Manhajar ba ta rubuta sakamako bayan kowane layi. Tana tara na layuka da yawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan ta sauke su gaba ɗaya, don rubutu ɗaya-ɗaya yana kashe gudu. Ke nan matsayi uku ne a kowane lokaci: inda Linux ya kai, inda manhajar ta karanta, da inda sakamako ya sauka a faifai. Na ƙarshen shi ne ya fi kowanne zama baya, kuma shi kaɗai ne ya cancanci a ajiye. Layin da aka karanta aka ƙirga, amma ƙidayarsa ba ta bar ƙwaƙwalwa ba, in wuta ta tafi daidai yake da wanda ba a taɓa gani ba.

5 Fabrairu

Tambayar wannan makon: a ina za a rubuta lambar?

Ƙaramin fayil na daban shi ne mafi sauƙi, kuma akwai sananniyar hanyar rubuta shi lafiya. Ba a rubutawa a kan tsohon. Sabo ake yi da wani suna, a kira `flush`, a kira `os.fsync` don ya sauka faifai da gaske, sannan `os.replace` ya maye gurbin tsohon a taki ɗaya. Da haka ba za a wayi gari da fayil ɗin alama fanko ba.

Sai dai wannan ya tsare lambar ne kawai, bai ɗaure ta da sakamakon ba. Rubutu biyu ne, kuma wuta tana iya tafiya a tsakaninsu. In sakamako ya riga sauka, alama ba ta sauka ba, za a sake ƙirga layukan nan. In alama ta riga, layukan sun ɓata. Duk yadda aka jera su akwai ramin. Maganin shi ne su daina zama rubutu biyu. Tunda fihirisar a SQLite take, wato ma'ajiyar bayanai mai tebura, na ƙara ɗan tebur mai layi ɗaya don `matsayi`, ana sabunta shi a cikin mu'amala ɗaya da ƙidayar kalmomin. `COMMIT` ɗaya, wato umarnin tabbatar da rubutu: ko su shiga tare, ko su fasa tare. Lambar kuma tana da wuri isasshe, don SQLite yana ajiye lamba har ta bait 8.

Gwajin da na tsara: a bi fayil ɗin gwaji sau ɗaya ba yankewa, a ajiye sakamakon. Sannan a sake bi, wata 'yar manhaja tana kashe ta da `kill -9`, umarnin kashe manhaja nan take, a lokutan da ba a tsara ba tana sake tayar da ita. A ƙarshe a gwada teburan biyu. Sun fito iri ɗaya, kalma da kalma.

Amma `kill -9` ba ɗaukewar wuta ba ne. Manhajar ce ta mutu, Linux yana raye, kuma duk abin da aka miƙa masa zai kai faifai a hankali. Don haka na ƙara gwaji na biyu, na danne maɓallin kashewa har kwamfutar ta mutu ana cikin aiki. Da ta tashi, manhajar ta koma baya kaɗan zuwa `COMMIT` na ƙarshe, ta ɗora, lissafi ya fita. Komawa baya kaɗan ba asara ba ce muddin lambar da ƙidayar sun koma tare.

6 Fabrairu

Guntun layi. Mai tattarowa tana rubutu, mai karantawa ta cim mata a ƙasan fayil, ta karɓi rabin jimla, wani lokaci ma rabin harafi, c9 ba tare da 97 ba. Ƙa'ida: layin da bai ƙare da 0a ba, ba a sarrafa shi, `matsayi` ba ya motsawa, a dakata a dawo.

Ɗaya gefen ma yana buƙatar gyara. In wuta ta yanke mai tattarowa a tsakiyar layi, ta tashi ta ci gaba da ƙarawa, sabon sakin layi zai manne da guntun. Yanzu in ta tashi tana duba bait na ƙarshe, in ba 0a ba ne ta datse fayil ɗin zuwa ƙarshen cikakken layi na baya. Datsewar ba ta cutar da mai karantawa, don ba ta taɓa wuce wannan wurin ba.

18 Fabrairu

Na kai wa Malam fayil ɗin gwaji da fihirisarsa a filash. Da ya dawo da shi, kowane bincike yana buɗewa a tsakiyar kalma.

"Injiniya, ai ban taɓa komai ba. Ƙugiyoyi kawai na sa inda masu rubutun suka bari."

"Allah gafarta Malam, k bait ɗaya ce, ƙ biyu. Kowace kuka gyara, duk abin da ke ƙasanta ya matsa."

Gyaran nasa daidai ne, kuma shi ne rabin amfanin wannan aiki. Fihirisar da ba ta bambanta kafa da ƙafa ba, ba ta da amfani ga mai nazarin harshe. Da na duba da `xxd`, ban da ƙugiyoyin akwai ƙarin abu biyu da manhajar rubutun ta yi da kanta wajen ajiyewa: ta sa ef bb bf a goshin fayil, ta kuma mayar da kowane 0a ya zama 0d 0a. Layin ƙanƙara ya koma bait 26. Suna bai canza ba, a ido rubutun bai canza ba, amma ba lamba ɗaya a fihirisar da ta rage da gaskiya.

Ke nan lambar matsayi ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da shaidar cewa fayil ɗin shi ne na jiya. Kuma `seek` ba zai taimaka ba: ko ka nemi wurin da ya wuce ƙarshen fayil ba ya ƙorafi, karatu ne kawai zai dawo fanko, manhajar ta ɗauka ta gama aiki. Na yi tunanin dogara da lambar inode, wato lambar da Linux ke gane fayil da ita a faifai, amma tana canzawa da zarar an kwafi fayil zuwa wani wuri, mu kuwa kullum cikin kwafa muke. Abin da na sa a maimakonta bincike uku ne kafin a ɗora. Girman fayil kada ya gaza `matsayi`. Hatimin SHA-256 (lambar da ake lissafowa daga bait, wadda ke canzawa in sun canza) na bait 1024 na farko ya dace da wanda aka ajiye. Na ukun ya fi su muhimmanci: ana ajiye tsawon layin ƙarshe da aka gama tare da hatiminsa, in an dawo a ja baya da wannan tsawon, a karanta, a gwada. Ƙarin bait ko ragin bait a ko'ina a sama zai sa wannan ya faɗi. Gyaran da bai canza tsawo ba, a tsakiyar fayil, shi ne zai iya wucewa ba a gani ba.

Wannan ragowar ba da lissafi na toshe ta ba, da yarjejeniya ce. Mun amince da Malam cewa ɗanyen fayil ba a gyara shi har abada, ƙari kawai ake yi a ƙasa. Gyare-gyarensa za su shiga tebur na daban, kowanne ɗaure da lambar bait ta farkon layinsa, a ɗora shi a kan asalin lokacin nunawa. Ya ma fi son haka, don yanzu yana iya ganin yadda mutane ke rubutawa da yadda ya kamata a rubuta, gefe da gefe.

27 Fabrairu

Kwamfutar Malam Windows ce kuma ba Python a ciki, don haka ina rubuta masa ƙaramar manhajar dubawa da C. Babban fayil yana dosar gigabait 2, kuma nan akwai shinge. `ftell` da `fseek`, takwarorin `tell` da `seek` a C, da nau'in lamba mai suna `long` suke aiki, a Windows kuwa `long` bait 4 ne ko da injin na bit 64 ne. Iyakarsa 2,147,483,647. Na koma `_ftelli64` da `_fseeki64`. A ɓangaren Linux takwarorinsu su ne `ftello` da `fseeko`, tare da `_FILE_OFFSET_BITS=64` saboda injin bit 32.

Nan ma `"rb"` ne ba fashi. A yanayin rubutu C na Windows yana haɗiye 0d kafin ya miƙo layi, yana kuma ɗaukar bait 1a a matsayin ƙarshen fayil, rubutun da aka kwaso daga intanet kuwa ba a rasa tarkace irin wannan a ciki. Ƙa'idar C ma ba ta yi alkawarin cewa `ftell` a yanayin rubutu ƙidayar bait yake bayarwa ba.

Filash ɗin da muke kai-kawo da shi tsarin ajiyarsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce bait 4,294,967,295. Da sauran tafiya kafin nan, amma na mayar da shi exFAT tun yanzu.

10 Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan tarawihi. Fihirisa tana aiki: a buga kalma, a samu jerin lambobi, a dira kan kowace, a karanta layi ɗaya. Ko a ƙasan fayil jimlar take, fitowarta nan take ne.

Don bincike ya yi amfani dole a daidaita rubutu. 'Ya'ya huɗun nan su zama kalma ɗaya. Rubutun masana da ke sa alamar karin sauti shi ma iri biyu yake zuwa: à tana iya zama harafi guda, c3 a0, ko kuma a da alamarta a ware, 61 cc 80. Sannan akwai layukan da bait ɗinsu ya lalace tun daga tushe, waɗanda nake fassarawa da `errors="replace"` don kada layi ɗaya ya tsayar da aikin dare. Kowanne daga cikin waɗannan yana canza tsawon rubutu. Ba ko ɗaya da ya taɓa `matsayi`, domin `len(layi)` a kan ɗanyen bait ake yinsa kafin komai. Shawarar 16 ga Janairu a nan ta biya kuɗinta.

Wurin kalma a cikin layi kuwa da haruffa nake ƙirga shi, ba da bait ba, tunda bayan fassara ake buƙatarsa don a haskaka kalmar a allo. Lambobi biyu ne masu ma'auni daban, na ba su sunaye da ba za a rikita ba: `bait_layi` da `harafi_ciki`.

19 Maris

Abu biyu a gaba, ɗaya ya kankama.

Na farko raba aiki ne tsakanin ma'aikata huɗu, wato kwafin manhajar huɗu masu gudana tare, don a yi amfani da duk ƙarfin injin. A raba girman fayil huɗu, kowa ya ɗauki yankinsa. Iyakokin za su faɗa tsakiyar layi, don haka ƙa'idar ita ce layi na wanda farkonsa ya faɗa yankinsa ne, ko da jelarsa ta tsallaka. Mai yankin da ya fara daga `a` ba a `a` yake dira ba, a `a - 1` yake dira, ya karanta layi ɗaya ya yar. In bait ɗin nan 0a ne, shi kaɗai aka yar, layin da ya fara daidai kan iyaka ya tsira. Dira a `a` kai tsaye zai jefar da wannan layin, na baya kuma bai ɗauke shi ba. Na gina fayil na musamman da iyaka ke faɗawa daidai farkon layi don gwada wannan, ya wuce.

Kowane ma'aikaci shi ke buɗe fayil ɗin da kansa. In uwar manhaja ta buɗe kafin `fork`, umarnin da take haifar ma'aikatan da shi, 'ya'yan duk matsayi ɗaya suke rabawa a wurin Linux, karatun ɗaya ya tura na sauran. Kowanne kuma yana da layinsa a teburin alama. Abin da ban gama ba shi ne rubuta sakamako, don SQLite marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda. Ina karkata ga kowa ya rubuta nasa fayil, da alamarsa a ciki, a haɗe su a ƙarshe.

Na biyu matse fayil ne, don wuri ya fara ƙaranci. Da tsarin matsi na gzip na yau da kullum `seek` suna ne kawai. Matsin yana waiwayen abin da ya gabata har kilobait 32, saboda haka ba a fara warwarewa daga tsakiya. Python yana yarda ka kira `seek`, amma a ɓoye warwarewa yake yi yana zubarwa har ya kai wurin, in baya ka nema kuma ya koma farko. Ta bututu daga `zcat` ma babu zancen, `Illegal seek` za a samu. Mafita ita ce a matse gutsure-gutsure, kowanne mai zaman kansa, a jera su, tunda tsarin gzip ya yarda da haka. Masu nazarin ƙwayoyin halitta sun daɗe suna yi da tsarin BGZF: gutsure ba ya wuce kilobait 64, matsayi kuma lamba ɗaya ce mai bit 64, 48 na sama wurin gutsuren a fayil, 16 na ƙasa wurin da ke cikinsa bayan an warware.

Ba zan sa irin wannan lambar a fihirisa ba. Gyare-gyaren Malam da duk abin da aka tara an ɗaure su da lambar bait ta ɗanyen fayil, kuma in aka sake matsewa da wani girman gutsure lambobin BGZF duk za su canza. Lambar ɗanye za ta ci gaba da zama ta asali. Zan ƙara tebur ɗaya da ke cewa gutsure kaza ya fara daga bait kaza na ɗanye, yana kuma bait kaza a matsattsen fayil. Shi zan fara rubutawa gobe, sannan in auna ko gutsure mai kilobait 64 yana matsuwa yadda zai biya wahalar, ko sai an ƙara masa girma.